Shekarar da Baban Lambu Ya Kasa Rage Shuka

Baban Lambu ya yi aiki a ƙarƙashina shekaru masu yawa, lokacin da nake shugabantar makaranta. Shi ke kula da shinge da furannin gaban ofis, ɗalibai kuma suka laƙaba masa wannan suna har ya bi shi gida. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwoyin wandonsa kullum da shatin ƙasa. A tsawon zamanmu ban sami abin da zan yi masa faɗa a kai ba sai guda ɗaya: bai iya cewa a'a ba. Hali ne da mutane ke yabawa a wurin ta'aziyya, amma shi ne ya cinye masa abin da ya fi ƙauna a duniya. Saboda haka na ga ya dace a rubuta labarin yadda ya faru. Abin da na gani da idona na rubuta shi yadda na gani, abin da ya wakana a cikin ɗakinsa kuwa matarsa ce ta faɗa wa iyalina.

Maraya ne. Goggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ita ta riƙe shi a wani ɗakin haya mai taga ɗaya, wanda a bayansa take shuka ganyayen magani cikin fasassun bokitai da tsofaffin tayoyi. Da ta rasu ba ta bar masa gona ko gida ba. Abin da ya gada 'yar kwalba ce cike da baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana, irin wata ɗoɗɗoya mai jan kara da siririn ganye, wadda ƙamshinta ya ninka na wadda ake sayarwa a kasuwa. Masu fuka da masu sarƙewar ƙirji sukan dafa ganyenta su yi sirace, su kuma kurɓi ruwan. Ni ba likita ba ne, don haka ba zan ce tana warkar da kowa ba. Abin da zan iya shaidawa shi ne matarsa, wadda fuka ta kama tun tana da ƙuruciya, in ciwon ya taso ta lulluɓa da zane a kan tukunyar, akan ji numfashinta yana saukowa sannu a hankali har ta iya magana. Ɗoɗɗoyar nan damina ɗaya take rayuwa. In ba ta yi fure ta ɗaura ƙwaya an tara ba, to ta tafi ke nan, domin ya sha bincikawa a wurin masu sayar da iri bai taɓa cin karo da irinta ba.

Bayan ya ajiye aiki, mai gidan bulo na ƙarshen layinmu ya ba shi aron wani tsirin fili tsakanin katanga da magudanar ruwa, inda akwai tsohuwar rijiya. Ya kasa wurin fangali-fangali, kowanne da ɗan tudun ƙasa kewaye da shi domin ya riƙe ruwa, ya kuma yi shinge da ƙaya da tsofaffin langalanga. In zai yi dashe sai ya kwantar da hannunsa a ƙasa tsakanin tsiro da tsiro, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu guda cur. Yakan ce goggo ta ce shuka kamar maƙwabta ce, in ɗaki ya matsi ɗaki sai faɗa, kuma nata faɗan a ƙarƙashin ƙasa ake yi, inda ba mai rabawa. Wannan magana ta yi daidai da abin da ake koyarwa a aji: saiwoyi suna takarar ruwa da abinci, kuma gwargwadon cunkoson shuka, gwargwadon saurin ƙarewar damshin ƙasa.

In lokacin yanka ya ƙarato kuma, yakan janye ruwa da gangan har ganyen ya sauke kunnuwa. Ganyen yakan ƙanƙance, yawansa ya ragu, amma man da ke cikinsa ya taru wuri guda, sai ƙamshi da ɗaci su ƙaru.

"Ƙishirwa ita ce makarantar ganye, Hedimasta," ya ce mini wata rana. "Wanda ya ƙoshi da ruwa ɗan gata ne, ga jiki ba komai a ka. Ai ka koyar da irinsu."

Gaskiya ce, amma rabinta. Ƙishirwa kaɗan tana kaifafa ganye. In ta wuce iyaka, fure take fara kashewa, inda ba fure kuwa ba iri.

Akwai kuma wani tsari da ba goggo ce ta koya masa ba, shi ya ƙago shi saboda taushin zuciyarsa. Duk wanda ya zo masa da kukan ƙirji kafin damina, sai ya dasa tsiro da sunansa. Wannan na tela ne, wancan na matar direba, ga na ungozoma can jikin katanga. Ba ya sa wata alama, duk a kansa suke. Masu wucewa sukan leƙo ta saman shinge su ce, "Baba, ya jikin nawa?" Shi kuma ya duba ya ce, "Da sauƙi, jiya ka fitar da sabon reshe," ko ya ce wa mahauci, "Kai kam ka yi ƙiba, kana danne maƙwabta kamar yadda ka saba." A yi dariya a wuce. Fangali ɗaya kawai, wanda ke bakin rijiya, ba shi da sunan kowa. Na iri ne, ba a yankar ganyensa. Rabin kwalbar kuma ba ya barin gida, komai kyawun damina.

A shekarar da nake magana, jujin bayan kasuwa ya kama wuta tun tsakiyar rani. Ba wuta ce mai harshe ba, ta ƙarƙashi ce, tana ci tana fitar da wani hayaƙi mai warin roba wanda ke kwanciya a kan rufin gidaje. Kafin ruwan farko ya kashe ta, tari ya shiga kusan kowane gida. Waɗanda ba su taɓa sanin hanyar lambun ba suka fara sallama a bakin shinge, wannan da mahaifiyarsa, wannan a madadin mijinta. Baban Lambu ya karɓi kowa. Da wurin ya cika a kan tazarar kamu, sai ya fara soka tsiro a tsakani, tazara ta koma tafin hannu. Da wannan ma ya cika, ya ba da fangalin iri. Daga ƙarshe ya juye kwalbar.

Matarsa ce ta fara gano haka, tana share ƙarƙashin gado.

"Tsoho, ina sauran?" ta tambaye shi, tana ɗaga kwalbar a hasken taga.

"Suna ƙasa, uwargida. Ajiyar ƙasa ta fi ta kwalba, tana haihuwa."

"Har da fangalin bakin rijiya?"

"Mai wanki ne ya kawo tsohuwarsa, tana tari kamar ana faskare. Da wane baki zan ce mata wuri ya cika?"

"Da wannan bakin da kake ce mini a'a duk ranar da na ce ka jefar da wandon nan. Ni kaɗai ce a garin nan ka iya yi wa musu."

"Damina ce fa. Ruwa na Allah ne."

"Fari ma nasa ne," ta ce, ta mayar da kwalbar inda ta ɗauko ta.

Da farko kamar shi ke da gaskiya. Ruwa ya sauka da kyau, lambun ya rufe ruf har ba a ganin ƙasa, jama'a suna tsayawa suna sa albarka. Sai a tsakiyar damina, daidai lokacin da shuka ke miƙewa, ruwa ya ɗauke. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi baƙi, a kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Aka wayi gari guga yana dawowa daga rijiya da rabin taɓo. Mai gidan bulo, wanda shi ma da rijiyar yake kwaɓa siminti, ya ce masa cikin girmamawa ya riƙa ɗiba da safe kawai, ya bar wa ma'aikata abin da ya tsatso da rana. Ruwan da yake samu da ya ishi lambun sauran shekaru, da ƙyar. Na bana kuwa bakuna sun ninka.

Shi da kansa bai tsorata da wuri ba, kuma nan ne iliminsa ya yaudare shi. Ƙamshin ɗoɗɗoyar ya yi ƙarfi har ana jin sa daga bakin titi.

"Ka ji ko, Hedimasta?" ya ce mini yana murmushi. "Bana maganin zai yi kaifi. Suna karatu."

Amma ganyen ƙasa ya fara yin rawaya yana zubewa. Karan ya yi siriri kamar tsinke, kowane yana miƙa wuya sama yana neman haske daga inuwar ɗan'uwansa. Yaushin da suke yi da rana tsaka, wanda a da yakan warware da yamma, ya fara kwana. Ba a bukatar littafi kafin a san maganin wannan. Na faɗa masa, matarsa ta faɗa masa, mai gidan bulo ma ya faɗa masa: a tuge mafi yawa, a mayar da tazara yadda take, a bar kaɗan su sha su ƙoshi su ɗaura ƙwaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko ganyen bana ga kowa, ko irin baɗi.

Ya yarda, amma ya ce ba zai tuge na kowa ba sai ya nemi izinin mai shi. Ya fara da amininsa, tsohon telan da ke da shago a bakin layi, wanda suka yi shekaru suna tsokanar juna. Ina zaune a bencin shagon ana rage mini hannun riga lokacin da ya shigo, yana murza hularsa.

"Izini na zo nema," ya ce.

"In auren 'yata ne, ka tsufa," in ji tela, bai ko ɗaga kai daga keke ba. "In ɗinki ne, wandon nan naka ya wuce ceto."

"Tuge ka zan yi."

Tela ya tsayar da ƙafarsa. "Tuge ni? Da ma ni rogo ne ban sani ba?"

Baban Lambu ya yi masa bayanin rijiya da cunkoso da iri. Tela ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana dukan ƙirji kafin ya samu bakin magana.

"Tuge mana, sarkin tsoro. Ni da taba ta riga ta gama da huhuna tun kana saurayi, ganyenka me zai tsinana mini? Sai dai ka kawo mini gawar, in yi sirace da kaina in ji ko ina da daɗi. Kuma in ka je wurin mahauci ka tafi da gatari, shi kam hannu ba zai cire shi ba."

Washegari ya tuge na tela, ya kai masa har shago. Bai taɓa na kowa ba, yana jiran ya zagaya gidaje tukuna. Kafin ya gama zagayen, a cikin makon nan, tela ya faɗi a kan kekensa, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ciwonsa tsoho ne, kowa ya sani, likitoci ma sun daɗe da faɗa wa iyalinsa abin da ake ciki. Amma da Baban Lambu ya shiga yin ta'aziyya, babbar 'yar mamacin ta gaishe shi daga bakin ƙofar ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa, ba zagi ba kuka.

"Sannu da zuwa, Baba. An ce kai ka cire shi."

"Shi ya ba ni izini, 'yata. Ga Hedimasta nan, a gabansa aka yi."

"Na sani," ta ce. "Wasa yake yi. Kullum wasa yake yi."

Ta saki labule. Maganar ba ta wuce haka ba, amma kafin magariba ta zaga unguwa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba wanda ya zargi taba, ba wanda ya zargi hayaƙin juji. Daga ranar masu leƙowa ta saman shinge suka daina tambayar lafiyarsu cikin raha. "Baba, nawa yana nan?" suke cewa, kuma ba sa tafiya sai ya nuna musu da yatsa. Mahauci, ƙato guda, yakan bar rumfarsa ya zo ya zauna a kan bulo yana kallon nasa. Na tara wasu daga cikinsu na bayyana musu cewa huhun mutum ba a saiwar ganye yake ba. Suka saurare ni da ladabi, suka ce haka ne, ranka ya daɗe, ai ba mai jayayya, amma dai a bar nasu.

Baban Lambu bai sake tuge ko tsiro ɗaya ba. Ya samo gwangwanin madara yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kowa ɗan kurɓi, ba wanda ya fi wani. Ruwan yakan tsaya a fatar ƙasa, rana ta lashe shi kafin ya kai ga saiwa. Ya fara aron baro yana zuwa famfon da ke can bayan tasha, inda layin jarkoki ke kai mutum hantsi. Ya rame, idanunsa suka faɗa.

Wata safiya da ya tafi famfo, matarsa ta yafa gyale ta fito. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai da ta yi ta hutawa tana dafa katanga. Ta durƙusa a fangalin bakin rijiya, ta zaɓi 'yan kaɗan da suka fi ƙwarin kara, ta shiga tuge na kewaye da su. Ya dawo ya same ta zaune a kan tudun fangali, ƙirjinta yana kuka kamar ana jan zarto, ga tulin tsirrai a cinyarta.

"Me kika yi?"

"Abin da ka kasa," ta ce, tana cizon numfashi tsakanin kalmomi. "Nawa na fara cirewa. Ga ni zaune, ban mutu ba."

Ya durƙusa yana ɗaga su ɗaya-ɗaya. "Wannan na tsohuwar mai wanki ne. Wannan na matar direba. Wannan na mai gyaran rediyo ne, jiya ma ya zo ya duba."

"Tsoho, dube ni. Ba mutane ba ne, ganye ne. In ba ka bar waɗannan 'yan sun sha sun ƙoshi ba, baɗi da ni da su duk ba mu da komai. Abin goggonka ne fa."

"In tsohuwar mai wanki ta mutu jibi fa? Da wane ido zan bi layin nan?"

"Ta girmi rijiyar nan! Za ta tafi ranar da aka rubuta mata, ko ka tuge ko ba ka tuge ba."

"Haka aka ce a kan tela."

Ya ɗauki tsinke yana huda ƙasa, ya mayar da kowane tsiro ramin da ya fito, har da nata, ya danna da babban yatsa. Sa'an nan ya juye musu ruwan da ya kwaso daga famfo gaba ɗaya, domin dashe ba ya kamawa sai da ruwa mai yawa. Ba su kama ba, saiwoyinsu sun riga sun tsinke. Sauran lambun kuma ya wuni ranar ba ko kurɓin da ya saba samu. Ita kuwa ta kwanta jinya a kan wannan fita, kuma da ta tashi ba ta sake ta da maganar ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Shukar da ta ga mutuwa takan yi gaggawar haihuwa, ɗoɗɗoyar ma haka ta yi. Ta fitar da 'yan kawunan fure gajeru, masu launin toka, tun tsayinta bai kai ba. Furen yakan buɗe da safe, kafin la'asar ya kaɗe. Baban Lambu ya yanke ɗan ganyen da ya rage, ya shanya a inuwa, ya bi gida-gida yana kai wa kowa nasa, abin da bai cika tafin hannu ba. Duk wanda ya yi sirace da shi ya ce bai taɓa jin mai ƙarfin na bana ba, hawaye yake sa mutum. Suka yi ta godiya. Da ruwa ya tashi dawowa, a ƙarshen damina, a kan busassun karare ya zuba.

Ya tattara kawunan furen duka, ya murza su a kan faranti, ya hura a hankali. Ƙaiƙayi ya tashi. Abin da ya saura 'yan ƙwayoyi ne farare-farare, shafaffu, waɗanda in an danna da farce ba a jin komai a ciki. Duk da haka ya adana su. Da wata daminar ta kama, ya ari bahon wankin matarsa, ya cika shi da ƙasa mai laushi da ya tankaɗe, ya barbaɗa su, ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki inda zai riƙa gani daga kan gado. Abubuwa sun tsiro, kamar yadda sukan tsiro a kowace jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya bar kowanne ya yi ganye, ya murza ya shinshina. Na ƙarshe ya kai wa matarsa, ya ce hancinsa ya tsufa, ta ji masa.

Ta shinshina, ta miƙa masa.

"Ciyawa ce, tsoho."

"Ciyawa ce," ya ce.

Ya juye ƙasar a magudana, ya wanke bahon ya kife mata a bayan ƙofa. A makon nan ya mayar wa mai gidan bulo filinsa. Ya gwada mata ɗoɗɗoyar kasuwa da sanyi ya shigo, ta ce da ita da ruwan wanke kwano duk ɗaya. Tun daga nan, in ciwon ya taso, sai dai a nemi mota a kai ta asibiti ta bi layi. Shi kuwa ya yi 'yan shekaru yana zama a ƙofar gida, hannuwansa a kan gwiwa, ba ya taɓa ƙasa, har Allah ya karɓi abinsa.

A cikin waɗanda ya ƙi tugewa babu wanda ya rasu a waccan shekarar, har da tsohuwar mai wanki, wadda nata tsiron ya bushe tun safiyar da aka cire shi, ba tare da ta sani ba. Saboda haka har yau in aka ambace shi a layinmu, sai a ce mutum ne mai amana wanda ya san abin da yake yi. Matarsa tana nan da rai. In ta ji ana faɗin haka ba ta tanka musu, numfashinta take tattali.